JOJ MULA: ƁARAWON DA YA ZAMA UBAN MARAYU

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cewa a ranka kyauta aikin masu dukiya ce, kai kuwa abin da ke cikin rumbunka da ƙyar zai kai iyalinka kaka. Mutane da yawa haka suke tunani, har da waɗansu masu bi. To, karanta labarin nan, ko ka sa a karanta muku da dare tare da mutanen gidanka. Labari ne na wani mutum wanda ba shi da gona, ba shi da kanti, ba shi da albashi, amma marayu fiye da 10,000 suka ci, suka sha, suka yi karatu a hannunsa. Sunansa Joj Mula, Turawa suna rubuta shi George Müller.

Hannun da ya saba ɗauka

An haifi Mula ran 27 ga watan Satumba 1805 a wani ƙaramin gari da ake kira Kroppenstedt, cikin ƙasar Jamus. Ubansa mai karɓar haraji ne na gwamnati. Tun yaron bai cika shekara 10 ba ya fara satar kuɗin harajin da ke hannun ubansa. An kama shi, an yi masa horo, amma horon bai sake halinsa ba, sai dai ya ƙara koya masa dabarar ɓoyewa.

Sa'ad da yake da shekara 14 uwarsa ta rasu. A daren da take kan gargara yana can yana karta da abokansa har tsakar dare, bai ma sani ba. Da ya kai shekara 16 sai ya riƙa sauka a manyan masaukai, ya ci ya sha kamar ɗan sarki, sa'an nan ya sulale ba biya. A garin Wolfenbüttel aka cafke shi, ya yi kwana 24 a gidan kaso tare da ɓarayi. Sai da ubansa ya biya bashin aka sake shi.

Duk da haka uban ya tura shi babbar makaranta a birnin Halle domin ya koyi aikin fasto. Ba don tsoron Allah ya yi haka ba, so yake ɗansa ya sami aiki mai albashi wanda zai riƙe shi da tsufa. Mula yana da littattafai wajen 300 a ɗakinsa, amma ba Littafi Mai Tsarki a cikinsu. Wata rana ya yi doguwar tafiya ta yawon buɗe ido da abokansa, suka ba shi riƙon jakar kuɗin tafiya. Su ma ya cuce su, ya rage nasa rabon biya a ɓoye.

Ka ga irin mutumin da muke magana a kansa. Ba a haife shi da hannun kyauta ba.

Daren da ya juyo

Wata ranar Asabar da yamma, cikin watan Nuwamba 1825, wani abokinsa ya kai shi gidan wani mai bi inda mutane kaɗan suke taruwa. Suka yi waƙa, suka karanta sura guda. Wani daga cikinsu ya durƙusa ya yi addu'a. Mula yana da shekara 20, yana koyon aikin fasto, amma bai taɓa ganin mutum ya durƙusa gaban Allah ba. Abin ya sāke shi ƙwarai. Ya ga shi ya fi mutumin nan ilimi nesa, amma ba ya iya yin addu'a kamarsa.

Ya koma gidan washegari, ya sāke komawa. A hankali ya gane cewa Allah ya ba da Ɗansa, Yesu Almasihu, domin masu zunubi irinsa, kyauta kuwa ya ba da shi. Ya tuba, ya ba da gaskiya. Ba rana ɗaya ya bar dukan tsohon halinsa ba, ya yi tuntuɓe a farko, amma sata da karta da gidan giya suka fita daga ransa.

Ka lura da wannan da kyau, gama shi ne tushen labarin duka. Kafin Mula ya ba kowa ko anini, shi ne ya fara karɓar kyauta. Wanda ya san an yafe masa bashi mai yawa, hannunsa ba ya yin nauyi wajen bayarwa.

A Halle ɗin nan akwai manyan gidajen marayu waɗanda wani bawan Allah mai suna Francke ya gina fiye da shekara 100 kafin lokacin, yana dogara ga Allah domin kuɗin. Mula ya zauna wajen wata 2 a ɗakin da ake ba ɗalibai matalauta a wurin. Abin da ya gani ya zauna a zuciyarsa.

Akwati a majami'a

Cikin 1829 ya tafi Ingila. Ya yi rashin lafiya a Landan, aka tura shi wani gari na bakin teku, Teignmouth, ya huta. A can wata ƙaramar ikilisiya mai mutum 18 ta roƙe shi ya zama fastonta, da albashin fam 55 a shekara. Cikin Oktoba 1830 ya auri Maryamu Groves.

A zamanin nan, a majami'u da yawa na Ingila, haya ake biya domin wurin zama. Mai kuɗi ya sami kujera mai kyau a gaba, talaka ya zauna baya. Daga kuɗin hayar nan ake biyan fasto. Mula ya karanta sura ta 2 ta wasiƙar Yakubu, inda aka hana nuna bambanci tsakanin mai arziki da matalauci, ya ga al'adar nan ba daidai ba ce. Shi da matarsa suka yi shawara, ya soke hayar, ya bar albashin. Aka sa akwati a majami'a, wanda ya ga dama ya jefa abin da ya iya, ba wanda ya san abin da wani ya sa.

Suka ɗauki ƙa'idodi waɗanda suka riƙe har mutuwa. Ba za su faɗa wa mutum bukatarsu ba, sai Allah kaɗai. Ba za su ci bashi ba, ko na abinci. Ba kuma za su tara wa kansu dukiya ba. Akwai ranakun da ba su da ko kwabo a gida, amma ba su kwana da yunwa ba.

Sule guda da akwatin tufafi

Cikin 1832 suka koma birnin Biristol tare da abokin aikinsa Henry Craik. A shekarar nan annobar kwalara ta faɗa wa birnin, mutane suka mutu da yawa, yara da dama suka rasa uwa da uba. Maraya matalauci a Ingila ta lokacin ba shi da wurin zuwa sai titi, ko kuwa gidan gajiyayyu na gwamnati, inda ake aikin wahala da ɗan abinci kaɗan, wanda kowa yake tsoronsa. Gidajen marayu kaɗan ne, yawancinsu kuma sai yaro yana da wani babba da zai tsaya masa.

Mula ya ji tausayin yaran. Akwai kuma wani abin da yake damunsa. Yakan ziyarci masu bi, ya tarar da magidanta suna aiki dare da rana har ba su da lokacin addu'a, ga tsofaffi cike da tsoron abin da za su ci gobe. Da baki sun yarda Allah yana lura da 'ya'yansa, amma zuciyarsu ba ta kwanta ba. Ya so ya nuna musu abin da ido zai gani. In shi, matalauci, ya iya riƙon marayu ba tare da ya roƙi kowa ba, to, kowa zai shaida Allah mai rai ne, yana kuwa jin addu'a.

Cikin Disamba 1835 ya roƙi Allah gida, da fam 1,000, da mutanen da za su lura da yaran. Kyauta ta fari da ta zo sule guda ce. Sule 20 ne fam guda, sai ka lissafta nisan da ke tsakanin sule ɗaya da fam 1,000. Bayanta aka kawo babban akwatin ajiye tufafi. Wani ya kawo kwanoni da cokula. Wani mutum da matarsa suka ba da kansu domin aikin ba albashi, suka haɗa da kayan ɗakinsu.

Mace mai ɗinki

A cikin waɗanda suka fara bayarwa akwai wata mace mai ɗinki, marar ƙarfin jiki. Abin da take samu a mako bai wuce sule 3 da sisi ba. Gado ya faɗo mata. Ta fara biyan basussukan da ubanta ya bari, ta ba uwarta rabo mai yawa, sa'an nan ta aika wa Mula fam 100 domin marayu. In ka lissafta, kuɗin ɗinkinta ne na wajen shekara 11.

Me kake tsammani Mula ya yi? Ga shi yana bukatar kuɗin ƙwarai. Amma bai yi hanzarin karɓa ba. Ya tafi wurinta, ya daɗe yana magana da ita, yana nuna mata talaucinta da rashin lafiyarta, don kada ta bayar da zafin zuciya ta zo tana da na sani. Sai da ya tabbata ta yi tunani, ta kuma bayar da farin ciki saboda ƙaunar Almasihu, sa'an nan ya karɓa. Ta ci gaba da ɗinkinta, ba ta sake tufafinta ba, ba ta sake ɗakinta ba. Ko cikakken sunanta bai rubuta a littafinsa ba.

Abu biyu ke nan a wurin. Nagarta ta gaskiya tana kula da mai bayarwa kamar yadda take kula da mai karɓa, ba ta matsa wa talaka don aiki ya ci gaba. Sa'an nan, harsashin gidan marayun nan matalauta ne suka sa shi.

Ranar da aka sa domin karɓar sunayen yara, Mula ya zauna yana jira, ba wanda ya zo ko ɗaya. Da ya koma gida sai ya tuna ya roƙi gida da kuɗi da ma'aikata, amma bai roƙi yaran ba. Ya ƙasƙantar da kansa ya yi addu'a. Washegari aka kawo sunan yarinya ta fari. Cikin Afrilu 1836 aka buɗe gidan a titin Wilson, da wurin 'yan mata 30. Kafin 'yan shekaru gidajen haya sun zama 4, yara wajen 130.

Abincin yini

Kada ka yi tsammani kuɗi suka riƙa zubowa kamar ruwan Agusta. Daga 1838 aka shiga shekaru na ƙunci. Sau da yawa abin da ke hannu na yini ɗaya ne, wani lokaci ma na ci ɗaya. A ci na safe ba a san inda na rana zai fito ba. Mula da ma'aikatan su taru su yi addu'a, kafin lokacin cin abinci ya yi sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko wasiƙa ta iso da ɗan kuɗi. Ma'aikatan da kansu sukan ba da ɗan abin da suka ajiye, waɗansu suka sayar da kayansu. Mata suka aiko da zobba da sarƙoƙi a sayar. Waɗansu suka kawo dankali, ko gawayi, ko tufafin da suka ɗinka da hannunsu.

Kowace shekara yakan buga rahoto, ya nuna abin da ya shigo da inda ya tafi, har kwabo na ƙarshe. Amma a ƙarshen 1841, da talauci ya tsananta, sai suka jinkirta rahoton da gangan, don kada ya zama roƙo ta bayan gida.

Ana ba da labarin wata safiya da yara suka zauna a tebur, kwanoni ba kome, kuɗi kuma babu. Mula ya yi godiya ga Allah domin abincin da zai ba su. Sai ga mai gashin burodi a ƙofa. Ya kāsa barci da dare, ya ji a ransa yaran ba su da abinci, ya tashi tun tsakar dare ya gasa musu. Jim kaɗan amalanken mai sayar da madara ya karye daidai ƙofar gidan, mutumin ya ba yaran madarar domin ya sauke kaya ya yi gyara.

Mutane sukan ji wannan su yi mamaki, daidai ne kuwa. Amma ka duba hanyar da Allah ya bi. Bai sauko da burodi daga sama ba. Mutum ne ya bar shimfiɗarsa ya hura wuta. Addu'ar maraya, sau da yawa amsarta tana cikin rumbun maƙwabcinsa.

Gidaje biyar

Cikin 1845 maƙwabta suka kawo kuka saboda hayaniyar yaran. Mula bai yi fushi ba. Ya auna maganar, ya ga suna da gaskiya, gama shi ma ba zai so a dame shi haka ba. Ya ƙudura zai gina gida a bayan gari. Aka sami fili a wani tudu da ake kira Ashley Down. Mai filin ya sa fam 200 kowace eka, amma da dare ya kāsa barci yana tunani, da gari ya waye ya rage zuwa fam 120. Mula bai sa a haƙa harsashi ba sai da kuɗin ginin duka suka taru.

Cikin Yuni 1849 aka buɗe gida na fari, mai ɗaukar yara 300. Na biyu ya biyo a 1857, na uku a 1862, na huɗu a 1868, na biyar a 1870. Gidajen 5 suna ɗaukar yara 2,050. Ba a bin ko ɗayansu bashi.

Ba ciki kaɗai ya cika musu ba. An koya musu karatu da rubutu da lissafi da Maganar Allah. 'Yan mata suka koyi ɗinki da aikin gida, sukan zauna har shekara 17. Samari kuwa, in sun kai wajen shekara 14, akan sa su wurin mai sana'a. Duk wanda zai fita akan ba shi Littafi Mai Tsarki da tufafin sakewa. Har waɗansu suka zarge shi, wai yana ba 'ya'yan talakawa ilimin da ya fi ƙarfinsu, yana hana masu masana'antu samun 'yan ƙodago. Bai fasa ba. A wurinsa maraya ba bara ba ne, ɗa ne, gama Zabura 68 ta nuna Allah da kansa ne uban marayu.

Alherinsa bai tsaya ga marayu ba. Ƙungiyar da shi da Craik suka kafa a 1834 ta taimaki makarantu 117, ta rarraba Littafi Mai Tsarki fiye da 280,000 da Sabon Alkawari fiye da miliyan 1. Ta kuma riƙa aika wa masu bishara taimako a ƙasashe dabam dabam, har da Hudson Taylor da abokan aikinsa a ƙasar Sin.

Ranar baƙin ciki

Mai kyauta ma yakan sha wuya. Ɗansu namiji ya mutu yana jariri a 1835. Ran 6 ga Fabrairu 1870 Maryamu ta rasu, bayan shekara 39 suna tare. Ita ce ta riƙa lura da tufafin yaran da shimfiɗunsu da marasa lafiyarsu. Mula da kansa ya yi wa'azin tunawa da ita, daga Zabura 119 aya 68, wadda take shaidar nagartar Allah. Ya nuna wa jama'a cewa Allah ya yi masa alheri da ya ba shi ita, ya yi masa alheri da ya bar masa ita shekaru masu yawa, bai kuma daina zama nagari ba ranar da ya ɗauke ta. Ya yi kewarta ƙwarai, bai ɓoye ba. Amma ka ga inda ƙarfinsa yake. Ya tabbata Allah nagari ne, shi ya sa bai ji tsoron buɗe hannu ba.

Daga 1875, yana da shekara 70, ya fara tafiye-tafiyen wa'azi. Ya yi shekara 17 yana yi, ya shiga ƙasashe 42. Surukinsa James Wright ya riƙe gidajen a bayansa.

Abin da aka tarar

Da safiyar 10 ga Maris 1898 aka tarar ya rasu a ɗakinsa, cikin gidan marayu na uku, yana da shekara 92. Daren da ya wuce shi ne ya bi da taron addu'a. Ranar jana'izarsa aka rufe kantuna a Biristol, dubban mutane suka tsaya a bakin hanya, marayu suna bin gawar suna kuka. Yara 10,024 ne suka bi ta hannunsa.

Kuɗin da suka shigo domin aikin a zamaninsa sun fi fam miliyan 1. Nasa na kansa fa? Duk abin da ya bari, da littattafansa da kayan ɗakinsa da ɗan kuɗin da ke hannu, bai wuce wajen fam 160 ba. Shekara da shekaru rahoton yana nuna kyautai daga wani mai bayarwa da ba a faɗi sunansa ba. Bayan mutuwarsa aka gane shi ne. Daga cikin abin da mutane suka ba shi domin bukatar kansa, ya mayar da fiye da fam 81,000 ga aikin Allah da matalauta. Tun cikin 1856 wani ya aiko masa da fam 100 domin a fara yi masa ajiyar tsufa, ya yi godiya ya ƙi karɓa.

Tun daga 1958 ba a ajiye marayu a manyan gidajen nan, amma ginin yana nan tsaye a Biristol.

Kai fa, ɗan'uwa?

Allah bai kira kowa ya bar albashinsa ko gonarsa kamar Mula ba. Shi kansa bai koya wa mutane zaman banza ba, yakan gargaɗi kowa ya yi aikinsa da aminci, ya biya bashinsa, ya ciyar da gidansa. Ka yi noma, ka gyara rumbunka, ba laifi. Amma ka tambayi kanka, na wane ne hatsin da ke ciki? Mula ya ɗauki kansa wakili ne, dukiyar ta Ubangiji ce. Ya kuma shawarci masu bi su riƙa ware wani rabo daga abin da suka samu, kome ƙanƙantarsa, tun kafin ya shiga cefane.

Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne. Amma mai bi ba ya yin alheri don a rama masa, ba kuwa don ya sayi ceto ba. Ceto ba na sayarwa ba ne. In ba ka karɓi kyautar Allah cikin Yesu Almasihu ba tukuna, daga nan za ka fara, kamar yadda saurayin nan ɓarawo ya fara a Halle. Ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi, zai gafarta maka, ya ba ka sabuwar zuciya.

In kuwa kai mai bi ne, duba kewaye da kai. Ba a rasa maraya a garinku, wataƙila ma ɗan ɗan'uwanka ne, yana cikin gidanka. Yana ci a akushi ɗaya da 'ya'yanka? An sa shi makaranta, ko shi ne kullum a bayan awaki? Ke uwargida, in kina raba fura, ludayinsa daidai yake da na waɗanda kika haifa? Akwai gwauruwa wadda gonarta ba ta sami noma ba, akwai tsohon da ba mai ɗebo masa ruwa. Tiya guda ta hatsi, ko yini guda da hauyarka, ba ƙaramin abu ba ne a wurin wanda ba shi da shi. Gidajen Ashley Down da sule guda aka fara su.

Ku karanta 2 Korantiyawa sura 8 da 9 tare da iyalinku a daren yau. Sa'an nan ku yi addu'a, ku ambaci sunan mutum ɗaya mai bukata a garinku, ku shirya abin da za ku kai masa kafin Lahadi mai zuwa.